Tambaya da Amsa: Tashar Talabijin da Ba Ta da Ma'aikaci ko Ɗaya

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan fitowa, dukansu daga jihar Maradi, kuma dukansu a kan ƙananan tashoshin talabijin ne waɗanda ba su shirya kome da kansu, sai dai su karɓo shirin wata tasha su miƙa wa mutanen da ke kewaye da su. Ta farko ce za ta fi cin wuri, domin amsarta ce ta share wa sauran biyun hanya.

Tambaya: Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ni mai gyaran talabijin da rediyo ne. Ƙanena yana aiki a wani ƙaramin gari a Amurka, ya ce mini lokacin da ya isa can akwai wata tasha da yake kamawa da ƴar eriyar ɗaki, wadda ba ta nuna kome dare da rana sai wa'azi da waƙoƙin sujada, amma wata rana ta ɗauke, ba ta sake dawowa ba. Da ya tambayi mutanen cocinsu, sai suka ce ai tashar ba ta taɓa samun ma'aikaci ko ɗakin shiri a garin ba, akwati ne kawai a gindin wani dogon ƙarfe, sunanta ma harufa ne da lambobi a haɗe. Ta yaya tasha za ta yi shekaru babu mai aiki a cikinta, kuma me ke kashe irinta? Daga mai gyara, unguwar Sabon Gari, Maradi.

Amsa: Malam mai gyara, mutanen cocin nan gaskiya suka gaya wa ƙanenka, kuma siffar da suka bayar ta dace da ɗaruruwan tashoshi a ƙasar Amurka. Da za a buɗe maka ƙofar irin wannan tasha, ba za ka ga abin da zai ba ka mamaki ba, domin kayanta ƴan gidanku ne: parabol babba a waje tana fuskantar tauraron ɗan'adam da ke nisan kilomita kusan 36,000 a sama, na'urar da ke karɓar siginar, injin watsawa wanda bai fi firiji girma ba, sai waya mai kauri da ta hau ƙarfen zuwa eriya. Ɗakin da ke ɗauke da su bai kai shagonka faɗi ba, shi kansa dogon ƙarfen ma sau da yawa na wani ne, haya ake biya. Dokar ƙasar ta yarda irin wannan tasha ta yi aiki ba mai tsaronta, muddin akwai hanyar kashe ta idan ta fara damun wasu, saboda haka injiniya ɗaya yakan riƙe tashoshi da dama, yana zagaya su da mota daga lokaci zuwa lokaci, ko kuma idan wani mai kallo ya buga waya ya ce hoto ya ɗauke.

Sunan da ya ba ƙanenka mamaki yana da ma'ana ga wanda ya iya karanta shi. Ɗauki K26AC, ta garin Bemidji a jihar Minesota, wadda ta fara aiki a watan Disamba na 1981, kuma ita ake lissafawa a matsayin ta farko cikin ƙananan tashoshi masu lasisin sabon tsari. Harafin K yana nuna yammacin kogin Misisipi, W kuma gabashinsa, ko da yake jihohin da kogin ya ratsa sukan haɗa biyun. Lamba 26 ita ce layin da tashar ke kai, wato abin da ku masu gyara kuke kira kanal, harufa biyun ƙarshe kuma jerin rajista ne kawai. Wannan yana nufin duk ranar da tasha ta sauya layi, sunanta ma ya sauya ke nan, kuma ka riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Asalin abin ba shi da alaƙa da addini. A farkon shekarun 1950, lokacin da talabijin ke bazuwa a Amurka, mazauna ƙauyukan da ke bayan duwatsu a yammacin ƙasar sun ga cewa siginar birni tana wucewa ta saman kawunansu, sai masu sana'a irinka suka riƙa hawa kan dutse suna kafa ƴan na'urori da ke kamo ta su ƙara mata ƙarfi su sauko da ita cikin kwari, ba tare da izinin kowa ba. Hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ta yi ta ƙoƙarin rufe su, mutane suka ƙi, har a 1956 ta haƙura ta buɗe musu ƙofar lasisi a layuka na 70 zuwa 83. Sharaɗin shi ne tashar ta zama baki kawai: ta karɓi shirin wata babbar tasha ta maimaita a wani layi dabam, kada ta ƙara nata, in ban da daƙiƙa 30 a sa'a da aka yarda mata daga baya domin neman gudunmawa da godiya ga masu biyan kuɗin wuta.

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka mayar da wannan ƴar na'ura ta ƙauye abin da masu wa'azi suka yi rububinsa. Na farko tauraron ɗan'adam ne, wanda daga ƙarshen shekarun 1970 ya sa shiri ɗaya da aka yi a ɗaki ɗaya yake iya sauka ko'ina a faɗin ƙasar a lokaci guda, ba tare da an shimfiɗa waya ko an jera ƙarafa daga gari zuwa gari ba. Na biyu kuma shi ne dokar 1982, wadda FCC ta ƙirƙiro rukunin ƙananan tashoshi masu ƙarancin ƙarfi da ita, ta ba su damar ɗaukar shiri daga inda suka ga dama, ko su yi nasu. An taƙaita ƙarfin injinsu a wancan lokaci zuwa wat 10 a layukan VHF, wato masu ƙananan lambobi, da wat 1,000 a na UHF, masu manyan lambobi, alhali babbar tasha a UHF tana iya watsawa da ƙarfin da ya kai wat miliyan 5. Amma ga inda ribar take: a lokacin, mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ba ya iya mallakar manyan tashoshi fiye da 7, adadin da aka ɗaga zuwa 12 a tsakiyar shekarun 1980, su kuwa ƙananan ba a sa musu iyaka ba. Takardun neman lasisi suka yi wa hukumar yawa, dubbai a kan dubbai, har sai da ta koma jefa ƙuri'a tsakanin masu nema.

Gidajen talabijin na Kirista sun riga sun kafu kafin nan, suna jiran irin wannan dama. Pat Robertson ya fara watsa shiri a Portsmouth ta jihar Bajiniya a 1961. Paul Crouch da matarsa Jan sun kafa Trinity Broadcasting Network, wadda aka fi sani da TBN, a kudancin Kalifoniya a 1973. Wata ƴar zuhudu ta Katolika, Mother Angelica, ta buɗe EWTN a jihar Alabama a 1981, Danny Shelton kuma ya kafa 3ABN a kudancin jihar Ilinoi a 1984, tana bin koyarwar masu kiyaye Asabar, ta fara fita iska a 1986. Daga cikinsu TBN da 3ABN ne suka fi dogara ga ƙananan tashoshi, TBN ma har ta tara ɗaruruwa, sannan Daystar ta Marcus Lamb da matarsa Joni ta biyo baya a shekarun 1990.

Dalilin da ya sa tsarin ya yi musu daidai, bai yi wa ƴan kasuwa ba, yana cikin hanyar shigar kuɗi. Tashar kasuwanci tana rayuwa ne da talla, mai talla kuwa yana son a nuna masa yawan masu kallo, kuma dole a sami wanda zai bi shaguna yana neman tallar, ga mai ɗaukar hoto, ga mai karanta labarai, duk albashi ne. Gidan wa'azi baiko yake ci, wato gudunmawar masu ibada. Idan tasha ta kai ga ƴan dubban gidaje, aka sami tsofaffi ƴan ƙalilan da ke aika gudunmawa kowane wata zuwa hedikwata, to kuɗin wuta da hayar ƙarfe sun fita. A wancan zamani TBN takan yi makon tara kuɗi sau biyu a shekara, kuma tun da kowane mai bayarwa yana rubuta adireshinsa, ba shi da wuya hedikwata ta gane wane gari ne ke ɗaukar nauyin akwatinsa, wane ne kuma ake ɗaukar masa.

A nan ina da abin cewa. Manufar da aka bayyana wa dokar 1982 ita ce a ba ƙananan garuruwa da tsirarun al'ummomi muryar kansu, amma abin da garuruwa da yawa suka samu shi ne muryar Kalifoniya tana fitowa daga ƙarfen bayan garinsu, ba ta san sunan fastonsu ba, ba ta sanar da rasuwa ko ɗaurin aure, ba ta san an yi ambaliya a unguwar da take watsawa ba. Duk da haka ba zan raina ta ba. Tsohuwar da ƙafa ta hana ta zuwa sujada, da talakan da ba ya iya biyan kuɗin talabijin na waya kowane wata, da baƙo irin ƙanenka wanda ya sauka garin da bai san kowa ba, su ne masu kallonta, kuma kyauta take zuwar musu.

Abin da ke kashe ta kuwa yana rubuce cikin lasisinta tun ranar farko. Matsayinta na biyu ne a gaban doka, wato kamar mai tebur a bakin Babbar Kasuwa idan aka kwatanta shi da mai rumfa: yana ciniki muddin ba a bukaci wurin ba, ranar da aka bukata kuwa sai ya naɗe kayansa. Idan ta dami siginar babbar tasha, ita ce za ta yi shiru. Idan babbar tasha ta dame ta, sai haƙuri. Idan wata sabuwar babbar tasha ta sami layin da take kai, ita ce za ta tashi. Kamfanonin talabijin na waya ma, waɗanda doka ta tilasta musu ɗaukar manyan tashoshin yankinsu, galibi ba a tilasta musu ɗaukar ƙananan ba. Sannan ita kanta kasuwar raguwa take yi, domin sau uku gwamnati na yanke layukan talabijin tana ba kamfanonin sadarwa: na 70 zuwa 83 sun tafi a farkon shekarun 1980, na 52 zuwa 69 sun bi su lokacin komawa dijital, na 38 zuwa 51 kuma aka yi gwanjonsu, gwanjon da aka kammala a 2017. Da yake ƙananan tashoshi sun fi yawa a waɗannan layuka na sama, kowane yanka yana nufin sabuwar eriya, gyaran inji, sabuwar takarda, da sabon suna. Shi ya sa idan ka karanta tarihin ɗaya daga cikinsu ba za ka tarar da labarin shirye-shirye ba, sai jerin ƙaura: an ba ta izini a shekara kaza a layi kaza, ta koma layi kaza, an sayar da ita, ta yi shiru.

A 1999 majalisar dokokin ƙasar ta buɗe wata ƙofa ta kariya, inda ƙaramar tasha za ta iya samun matsayi mai ƙarfi idan tana watsawa aƙalla sa'a 18 a rana, tana kuma nuna shirin da aka yi a yankinta na aƙalla sa'a 3 a mako. Akwatin da ba shi da kyamara ko ɗaya ba shi da hanyar cika sharaɗi na biyu, saboda haka arahar da ta raya shi ita ce ta hana shi shiga inuwar.

Babban bugu ya zo ranar 12 ga Yuni 2009, lokacin da manyan tashoshi suka kashe tsohon tsarin analog suka koma dijital. Ba a tilasta wa ƙananan su bi su a ranar ba, abin da ya yi kama da sassauci, amma ya zame musu tarko. Gwamnati ta raba wa gidaje takardun rangwame na dala 40, dalar Amurka nake nufi ba tamu ta kasuwa ba, domin su sayi dekodar da za ta sa tsohuwar talabijin ta kama sabon tsari, kuma da yawa daga cikin dekodojin ba su barin siginar analog ta wuce. Mutum ya haɗa dekoda, ya ga manyan tashoshi tar, tashar wa'azi kuwa ta ɓace masa, alhali tana nan tana cin wuta a kan ƙarfenta. Masu kallo suka ragu, baiko ya ragu, ga kuma kuɗin sabon injin dijital yana jira. A 2010 TBN ta kashe da yawa daga cikin ƙananan tashoshinta, ta kuma sanar da bayar da fiye da 150 kyauta ga wata ƙungiya mai tallafa wa tsirarun al'ummomi su mallaki kafofin watsa labarai. Akwai kuma wata doka tun 1996 da ta ce tashar da ta yi wata 12 a jere ba ta watsa kome ba, lasisinta ya mutu da kansa, kuma ta wannan ƙofa ce da yawa suka fita ba tare da sanarwa ba. Waɗanda suka rage a analog an ba su wa'adin ƙarshe, 13 ga Yuli 2021.

Ba duka suka mutu ba. Wadda ta iya sayen injin dijital ta sami abin da ba ta taɓa samu ba, wato ɗaukar shirye-shirye huɗu ko biyar ko fiye a layi ɗaya, har ta ba wasu haya. Saboda haka ka ce wa ƙanenka ya fara sa talabijin ɗinsa ta sake laluben tashoshi, domin mai yiwuwa shirin da yake nema ya koma ƙarƙashin wata lamba. Idan kuma yana tune da sunan tashar, rajistar FCC a buɗe take ga kowa a intanet, kuma idan ya ga an ƙara harafin D a gaban sunan, to an soke lasisin.

Tambaya: Malam, ni tsohon malamin lakwal ne mai ritaya. A shekarun baya mukan ɗaure eriya a kan doguwar gora mu juya ta kudu mu kamo talabijin ɗin Najeriya, amma hoton yakan zo ba launi, wani lokaci ba murya, kuma ya fi fitowa da dare. Ita kuwa Tele Sahel, wadda ke Yamai mai nisa, takan fito da kyau. Mene ne dalili? Daga unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Tele Sahel ɗin da kuke kallo ba daga Yamai take faɗowa cikin eriyarku ba, domin tsakanin Yamai da Maradi akwai fiye da kilomita 500, siginar talabijin kuwa a miƙe take tafiya kamar hasken tocila, ba ta bin lanƙwasar ƙasa. Tashar miƙawa ce a kusa da ku take karɓo shirin ta sake watsa shi, kuma irinta ce aka kafa a manyan garuruwan ƙasar bayan da talabijin ta ƙasa ta fara aiki sosai a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Janar Seyni Kountché, lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa. Ku malaman lakwal kun ma riga kowa sanin talabijin a ƙasar nan, tun da ta makaranta ce aka fara da ita a 1964. Wato mu ma mun daɗe muna kallon tashar da ba ta shirya kome, bambancin kawai shi ne tamu ta gwamnati ce, babu mai cewa ta tashi daga layinta.

Rashin launi da murya kuwa gadon mulkin mallaka ne. Nijar ta ɗauki tsarin SECAM irin na Faransa, Najeriya ta ɗauki PAL, kuma hanyar da kowannensu ke ɗora launi a kan hoto dabam ce, don haka akwatin da aka yi wa SECAM kaɗai yakan nuna hoton PAL fari da baƙi. Muryar ma ba wuri ɗaya take zaune ba: a tsarinmu tana nesa da hoton da megahaz 6.5, a nasu 5.5, shi ya sa akwatin ke neman ta inda ba ta. Masu gyara sukan ƙara wata ƴar na'ura a ciki domin a ji, har aka zo aka cika kasuwa da akwatuna masu karɓar tsari iri-iri, matsalar ta wuce. Batun dare kuma, Katsina tana nisan kilomita 90 ko kusa da haka, wato a bakin iyakar abin da eriya ke iya kamowa, kuma idan ƙasa ta huce da dare iska mai sanyi ta kwanta a ƙarƙashin mai ɗumi, sigina takan ɗan lanƙwaso ta yi nisan da ba ta yi da rana.

Tambaya: Salama a gare ka, Malam. Ni fasto ne a wata ikilisiya a nan cikin gari. Wasu matasanmu sun kawo shawara mu tara kuɗi mu sayi ƙaramin injin watsa talabijin, mu riƙa kamo tashoshin bishara daga parabol muna miƙa wa ƙauyuka. Majalisar dattawa ta ce a nemi shawarar masana kafin a yanke magana. Me ka gani?

Amsa: Baba Fasto, salama ta tabbata a gare ka, kuma dattawa sun kyauta da ba su yi gaggawa ba. Abu na farko da za ka gaya wa matasan shi ne iska tana da mai ita. Ba a kunna injin watsawa a ƙasar nan sai da izinin hukumar da ke kula da kafofin watsa labarai, wadda muka daɗe muna sani da CSC, da kuma layin da hukumar kula da harkar sadarwa, ARCEP, ta ware, kuma wanda ya kunna ba tare da su ba yana iya rasa injin da kuɗinsa gaba ɗaya. Kasancewar muna bakin iyaka ya ƙara wa abin nauyi, domin layin da aka ba Maradi dole ya zama bai shiga na Katsina ba. Kada kuma su ɗauki misali daga abin da suke gani na manyan cocin Najeriya, domin dokar can ta 1992 ta hana a ba ƙungiyar addini lasisin watsa shiri, shi ya sa tashoshinsu ta tauraron ɗan'adam suke zuwa, ko su sayi lokaci a gidajen da ke da lasisi.

Abu na biyu shi ne zamanin injin da suke magana a kansa ya wuce. Yarjejeniyar da ƙasashen Afirka da Turai suka sa wa hannu a Janeba a 2006 ta sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin ranar barin analog a layukan UHF, kuma ko da yake ƙasashenmu sun makara, alƙiblar ba ta sauya ba. A tsarin TNT, wato talabijin ta dijital da ake kamawa da eriya, ba kowane gidan talabijin ne ke kafa ƙarfensa ba, mai watsawa ɗaya ne ke tattara shirye-shiryen gidaje da yawa ya fitar da su tare. Wanda ya sayi injin analog yau, komai arhar da aka yi masa, ya sayi abin da mutanen Amurka suka zubar ne, kuma ka ga yadda ta ƙare musu a amsar farko.

Ko da an sami izini, lissafin nisa ba zai yi wa matasan daɗi ba. Tsawon ƙarfe ne ke yanke iyakar tasha fiye da ƙarfin inji: eriya a tsawon mita 30 tana kai wa kimanin kilomita 22 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a mita 100 kuma kimanin 41, sai ɗan ƙarin da gorar mai kallo ke bayarwa. Wato Tsibiri da Danja za su samu, amma Tasawa da Dakoro, masu tazarar kilomita 100 ko fiye, ko labari ba za su ji ba. Sannan inji ba ya son abubuwa uku da muke da su a wadace: zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu da ke toshe masa hanyar iska, da tsawar damina da ke neman ƙarfe mafi tsawo a unguwa. Ga yankewar wuta, wadda mutanen Maradi ba su bukatar a ba su labarinta tun bayan da aka katse layin Najeriya a 2023. Sayen inji sau ɗaya ne, amma gazuwal da mai gyara da mai gadi kowane wata ne, kuma daga baikon ikilisiya za su fita.

Tambayar da ta fi waɗannan duka ita ce, da wane harshe akwatin zai yi magana? Yawancin abin da parabol ke kamowa Turanci ne ko Faransanci, kuma mutumin ƙauyen da ke da talabijin da wutar kunna ta, sau da yawa ya riga ya sayi parabol ɗinsa. Waɗanda suka riga ku wannan aiki sun fahimci haka. Mishan ɗin SIM, wanda ya zauna a Tsibiri tun shekarun 1920, shi ne ya buɗe rediyon ELWA a Monrobiya ta Laberiya a 1954, kuma akwai shirye-shiryen Hausa cikin abin da take watsawa. Muryar Bishara a Jos ake shirya ta da Hausa, a aika Adis Ababa a watsa, daga gidan rediyon da ya yi aiki daga 1963 har gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace shi a 1977. Rediyon bishara ta TWR ma da ta kafa injinta kusa da Parakou a ƙasar Benin a 2008, a kilohaz 1566 na matsakaicin zango, da harsunan yankin take magana. Injinan suna can nesa a hannun wasu, abin da ya rage a hannun masu jin Hausa shi ne shirin, kuma lokacin da aka ƙwace na Habasha, yaƙi ya lalata na Laberiya a 1990, masu shirin sun nemi wata hanyar fitar da shi.

Shawarata ita ce kuɗin da za a tara a sayi kyamara mai kyau da makirufo da kwamfuta, a tura matasa biyu su koyi ɗauka da tacewa, a riƙa yin shirin rabin sa'a a mako da Hausar Maradi, da mawaƙan zumuntar mata da muryar da mutane suka sani. A sayi lokaci a gidajen rediyo da talabijin da ke da lasisi a gari, sauran kuma a zuba a katin waya da WhatsApp, waɗanda ke isa Dakoro ba tare da ƙarfe ba. Idan kuwa majalisa ta dage sai an kafa tasha, to a fara aika mutum Yamai ya dawo da amsar hukuma a rubuce, kafin a ba kowa ko dala ya tafi Kano neman inji.